Gidan da Ba a Yaye Yaro: Maigida da Bara a Tsakanin Miyagu

A watan Maris na 2018 labari ya bazu a Zamfara cewa an kashe Buharin Daji, ɗan bindigar da jin sunansa kaɗai kan watsa kasuwa. Shekara da shekaru jami'an tsaro na nemansa, amma ajalinsa ya zo ne ta hannun Dogo Giɗe, mutumin da ya tashi a ƙarƙashinsa, ya san makwancinsa, ya san lokacin da yake sakin jiki. Rahotannin lokacin sun ce rigimar shanu ce ta haɗa su. Jama'a sun yi murna, murnar kuwa ba ta daɗe ba, don wanda ya yi kisan ya zama ɗaya daga cikin manyan masu riƙe da dajin.

Wanda ya kalli finafinan Star Wars ba zai ji wannan labari baƙo ba. A cikin waccan almarar kimiyya, kashe maigida doka ce a wurin miyagu, kuma ita ce kaɗai hanyar gado. Me ya sa mugu ba ya iya zama ba yaro, kuma me ya sa yaron ne kan zama ajalinsa? Tambayar ta shafe mu, mu da kusan kowace sana'a tamu, daga karatun allo zuwa su da fatauci, a hannun maigida ake koyonta.

Dokar mutum biyu

George Lucas ya fitar da fim na farko a 1977. Labari ne na duniyoyin taurari, inda ƙungiyoyi biyu ke sarrafa wani ƙarfi na gaibu. Jedi suna horar da zuciya, suna tsare zaman lafiya, suna da majalisa da makaranta da dubban mambobi. Sith kuwa daga fushi da tsoro da ƙiyayya suke ɗebo nasu ƙarfin, kuma ba sa wuce mutum biyu a zamani guda: maigida ɗaya, almajiri ɗaya. Fim ɗin The Phantom Menace na 1999 ne ya fara bayyana wa masu kallo wannan doka, sannan littattafai uku da Drew Karpyshyn ya rubuta tsakanin 2006 da 2009 suka faɗaɗa labarin asalinta.

A cewar labarin, kimanin shekara dubu kafin zamanin finafinan, Sith suna da yawa, sai dai cin dunduniyar juna ya hana su gaba. Ƙanana kan haɗa kai su kayar da babban da ya fi kowannensu, mulki ya faɗa hannun ragwaye. Sai wani mai suna Darth Bane ya kawo tsari: a rage su zuwa biyu, almajiri ya yi ta koyo har ranar da zai iya kashe maigidansa, ya hau kujerarsa, shi ma ya ɗauki nasa almajirin. Lissafinsa shi ne kowane zamani zai fi na bayansa ƙarfi.

Lissafin yana da ɓaraka, kuma finafinan da kansu sun nuna ta. Maigidan da ya san mutuwarsa na hannun almajirinsa ba zai taɓa buɗe masa duk abin da ya sani ba. Almajirin da ya san gaba da gaba ba zai ci nasara ba, sai ya jira dare. A fim ɗin Revenge of the Sith na 2005, Palpatine, wanda sunansa na ɓoye Darth Sidious, ya ba da labarin Darth Plagueis, gwanin da aka ce ya san yadda ake hana mutum mutuwa, amma almajirinsa ya kashe shi yana barci. Almajirin nan Palpatine ne da kansa. Da lokacin cika alkawarin da ya yi wa sabon yaronsa na koya masa sirrin ya yi kuwa, sai ya nuna cewa shi ma bai mallake shi ba, sai dai su nema tare. Ilimin ya bi mai shi kabari. Abin da aka gada tsaf, zamani bayan zamani, shi ne ha'inci.

Dubi yadda Sidious ya yi da yaransa uku. Darth Maul makami ne kawai, da ya faɗi aka nemi wani. Dooku dattijo ne, tsohon Jedi, almajirin babban malaminsu Yoda, da shi aka kunna wutar yaƙin basasa, da amfaninsa ya ƙare sai maigidan ya sa saurayi Anakin Skywalker ya sare masa kai a gabansa. Anakin ya zama Darth Vader, ya yi bauta shekara ashirin da 'yan kai, amma a fim ɗin Return of the Jedi na 1983 maigidan ya nemi ɗan Vader, wato Luke, ya kashe mahaifinsa ya maye gurbinsa. Su ma yaran ba zaune suke ba. Dooku ya horar da Asajj Ventress har Sidious ya tsorata ya umarce shi ya kawar da ita. Maul ya ɗauki ɗan'uwansa Savage Opress. Vader, a fim na 1980, ya yi wa Luke tayin su haɗa kai su tumɓuke maigidan. A fim na 2017 kuma Kylo Ren, ko da yake ba ya ɗauke da sunan Sith, ya sare maigidansa Snoke a kan gadon mulkinsa ya hau. Kowa na barci da ido ɗaya a buɗe.

Sau ɗaya tak aka yi kisan da ba na neman kujera ba, ranar da Vader ya ɗaga Palpatine ya jefa shi rami don ya ceci ɗansa, ya kuma rasa ransa a kan haka. Sarƙar ta tsinke ne da wani mutum na uku ya shigo tsakani, wanda ake ƙauna saboda shi kansa.

Yadda ake kama yaro

Abin da ya fi ƙima a labarin Anakin shi ne matakan da aka bi aka mallake shi. Ya tashi yana bawa a duniyar hamada ta Tatooine. An raba shi da mahaifiyarsa yana ƙarami, da ya koma nemanta sai ta cika a hannunsa bayan mahara sun azabtar da ita. Ya yi aure a ɓoye, yana mafarkin matarsa Padme za ta mutu wurin haihuwa, ga majalisar Jedi ba ta sakar masa amana ba. Palpatine ya shekara fiye da goma yana sauraronsa, yana yabonsa, yana nuna masa cewa shi kaɗai ya san darajarsa.

Matakin farko ke nan: mugu kan nemi inda yaro ke da ciwo, ya zauna a wurin. Na biyu, ya tura shi aikata abin da ba ya da komawa. Anakin ya sare hannun babban malami Mace Windu, a daren kuma aka aike shi makarantar Jedi ya kashe har da ƙananan yara. Daga nan babu gidan da zai karɓe shi sai na wanda ya aike shi. Na uku, a sake masa suna, a raba shi da duk wanda ya san shi da sunan yanka.

Wanda ya saurari tubabbun 'yan bindiga ko 'yan daba zai gane matakan nan. Yaro ne aka kore shanun mahaifinsa, ko aka kashe yayansa ba a bi kadin jinin ba, ko ya yi ta gararamba a tasha ba mai tambayar ko ya ci abinci. Sai ga wani ya ba shi abinci da ƙwaya da makami, ya ce masa namiji ne shi. Sai a tafi da shi harin farko, a tabbatar hannunsa ya taɓa jini. Sai laƙabi ya biyo baya. Haka ma ɗan bangar siyasa da ubangidansa: ana ciyar da shi daidai yadda ba zai mutu ba, ba kuma zai tsaya da ƙafarsa ba.

Haɗejiya, 1848 zuwa 1865

Ƙasar Haɗejiya ta taɓa ganin yadda gida kan kasance idan takobi ya zama alƙalin gado. Sarki Sambo ya riƙe garin tun 1808, ya yi murabus a 1845. 'Ya'yansa Garko da Abdulƙadir suka yi gajerun sarautu, sannan a 1848 Buhari ɗan Sambo ya hau, alhali ga ɗan'uwansa Ahmadu da ke da magoya baya. Bai daɗe ba ya sa aka kashe Sarkin Auyo Nalara, jininsa, wanda yake ganin zai iya ja da shi. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya turo wazirinsa Abdulƙadir, aka tuɓe Buhari a 1850 aka naɗa Ahmadu. Buhari ya fice da mayaƙansa, ya jingina da Borno, ya dawo a 1851 ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. A 1853 aka yi Gamon Kafur, inda ya tarwatsa rundunar haɗin gwiwa da Sakkwato ta tara, har da ta Kano. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, da ya ratsa yankin Gumel a waɗannan shekaru, ya rubuta irin ɓarnar da yaƙe-yaƙen suka yi wa garuruwa da hanyoyin fatake. Buhari ya rasu a fagen fama a Gogaram ta ƙasar Bade a 1863.

Bahaɗeje kan tuna Buhari a matsayin jarumin da ya sa ba a taɓa raina garinsa ba. Bakano kan tuna hare-haren da suka mayar da ƙauyukan gabas kufai. Kowannensu yana da hujja, kuma Buhari sarki ne na gaske mai ƙasa da talakawa, ba dodon fim ba. Abin lura a nan shi ne irin gidan da ya gina. Ya yanke igiyar da ta ɗaure shi da na sama, wato Sakkwato. Ya kawar da na gefe, wato 'yan'uwan da za su iya ce masa a'a. Sai ya rage daga shi sai barorinsa na yaƙi, waɗanda duk girmansu daga hannunsa ya fito, kuma ganima ce ke riƙe da biyayyarsu. Gida irin wannan dole ya yi ta fita yaƙi, don ranar da ganima ta yanke, biyayya ma ta yanke.

Da ya rasu, manyan mayaƙansa, a gaba-gaba Sarkin Arewa Tatagana, suka ɗora ɗansa Umaru. Shekara biyu kacal abin ya ɗauka. Haru ɗan Sambo ya fara kawar da Tatagana, ginshiƙin da sarautar ta dogara a kai, a 1865 aka tuɓe Umaru, ya koma Camo ta ƙasar Kano. Darasin da aka koya a fada tsawon shekara goma sha biyar, cewa mai ƙarfi ke da kujera, shi aka karanta wa magajin wanda ya koyar da shi.

Sai dai a nan tarihin Haɗejiya ya rabu da almarar Sith, kuma rabuwar ita ce zuciyar maganar. Bayan Buhari, masarautar ta koma inuwar Sakkwato. Haru ya yi shekara ashirin a gadon sarauta, ɗansa Muhammadu ya gaje shi a 1885, shi ne wanda ya tsaya ya yi shahada a yaƙi da Turawa a 1906, har ake kiransa Mai Shahada. Sarƙar jini ta tsaya ne saboda akwai abin da ya fi maigida da yaronsa girma: akwai shari'a, akwai malamai, akwai masu zaɓen sarki, akwai Sarkin Musulmi da ke tabbatar da naɗi. Dokar Sith kuwa, in aka tona ta, ma'anarta ita ce babu na uku. Ba mai shaida, ba mai raba gardama, ba wanda za a kai wa ƙara.

In aka bi ruwan Haɗejiya gabas, ya haɗu da na Jama'are ya zama kogin Yobe, zai kai mutum Tafkin Chadi, inda aka sake ganin wannan doka a zamaninmu. Abubakar Shekau mataimakin Muhammad Yusuf ne, ya karɓi ƙungiyar Boko Haram bayan kashe maigidansa a hannun 'yan sanda a Maiduguri a watan Yulin 2009. Na kusa da shi suka zarge shi da kashe kwamandojinsa a kan zato, ƙungiyar ta tsage a watan Agustan 2016, aka ɗora Abu Mus'ab Albarnawi, ɗan Muhammad Yusuf, a kan ɓangaren da ya ɓalle. Mamman Nur, wanda ya taka rawa a ɓallewar, mutanensa ne suka kashe shi a 2018. Shekau kuma ya mutu a dajin Sambisa a watan Mayun 2021, tsoffin yaransa sun yi masa ƙawanya. Wanda duk ya koya wa yaro cewa jinin wanda ya saɓa masa halal ne, ya manta cewa shi ma wata rana zai saɓa wa yaron.

Gidan da ake yaye yaro

Haɗejiya ta yi suna da tsangayu da gwanayen Alƙur'ani, kuma tsarin tsangaya akasin dokar Sith ne ta kowace fuska. Uba ne ke kai ɗansa ya damƙa wa malam a gaban mutane. Yaro ya fara daga kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, kowane mataki sananne. Ranar sauka ana zayyana allo, a tara jama'a, ya karanta a gabansu, a yi addu'a. In ya haddace, ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya zama alaramma, wasu su kai gwani. Malaminsa bai rasa komai ba. Darajarsa ma ƙaruwa take yi, don da yawan alarammomin da suka fito daga hannunsa ake auna shi, kuma almajirin da ya zarce shi abin alfaharinsa ne. Ko su Jedi a cikin almarar suna da irin wannan rana, da ake yanke wa almajiri kitson da ke nuna matsayinsa a gaban majalisa, ya zama mai cin gashin kansa.

Haka abin yake a bakin ruwa. Yaron masunci yakan fara da kwarfe ruwa daga kwale-kwale da ɗinkin koma, kafin a sakar masa birgi ko a bar shi ya ɗana mamari, kafin ya san inda kifi ke kwana idan ruwa ya janye daga fadama. Sama da shi da maigidansa akwai Sarkin Ruwa, mai faɗin ranar da za a shiga su da ranar da za a bari, mai raba rigima. A kasuwar kifi, ko ta tattasai da riɗi da shinkafa, yaro kan yi shekaru yana ɗaukar kaya da riƙe lissafi, har ranar da maigida zai sallame shi da jari, sau da yawa har ya yi masa aure. Daga ranar ya zama abokin ciniki, amma ba ya daina durƙusawa ya gaishe shi, kuma abin da ya fi tsoron rasawa shi ne albarkarsa.

Abu biyu ne suka raba wannan gida da na miyagu. Na farko shaida: akwai uba, akwai sarkin sana'a, akwai jama'ar da ke kallo. Na biyu wa'adi: zaman yana da ranar ƙarewa, kuma kowa ya san zai fita da ransa da mutuncinsa. Maigidan kirki yana aiki ne don ranar da yaro ba zai ƙara bukatarsa ba. Mugu kuwa wannan ranar ita ce abin tsoronsa, don haka yake ɓoye ilimi, yake haɗa yaransa faɗa, yake ajiye wani a gefe da zai maye gurbin na hannu.

Gaskiya ce kuma cewa ƙwayar wannan cuta tana nan a cikin halastattun sana'o'inmu. Akwai maigidan da zai riƙe yaro shekara goma, da lokacin sallama ya matso sai ya laƙa masa sata ya kore shi hannu rabbana. Akwai maƙeri ko wanzami ko mai maganin gargajiya da ya mutu da sirrin sana'arsa, don tsoron kada yaro ya ƙwace masa masu zuwa. Akwai malamin da ya tara yara fiye da waɗanda zai iya kula da su, iyayensu kuma ba sa waiwayarsu. Akwai kuma yaron da ya kwashe dukiyar maigida ya buɗe shago a gabansa. Ba a zubar da jini ba a duk waɗannan, amma an zubar da amana, kuma yaron da aka kora da ciwon zalunci a zuciya shi ne ainihin wanda mugu ke jira a bakin hanya.

Abin da ya rage a hannunmu

Fadamar Haɗejiya ba yadda kakanninmu suka san ta take ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren su da gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun kwashe amfanin gona da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma da maƙwabtansu. Idan su ya ja baya, masunci ba ya iya ɗaukar yara kamar da. Idan gona ta nutse, saurayi kan ɗauki jaka ya nufi Kano ko Abuja ko Legas. A can ma ubangida zai nema, don haka aka raine shi. Abin tambaya shi ne wa zai fara samunsa.

Saboda haka gyaran ba na jami'an tsaro kaɗai ba ne. Uban da zai ba da ɗansa koyon sana'a ko karatu ya san wanda ya ba wa, ya riƙa zuwa yana dubawa. A yanka wa'adi tun ranar farko, a faɗi abin da za a sallami yaro da shi, a rubuta, mai unguwa ko limami ya sa hannu. Sarakunan sana'a, na ruwa da na maƙera da na pawa da na kasuwa, a mayar musu da ikon sauraron ƙarar yaro a kan maigidansa, kamar yadda suke sauraron ta maigida a kan yaro. Masarauta da ƙananan hukumomi su karrama magidanta da yawan waɗanda suka yaye suka tsaya da ƙafarsu, yadda ake karrama manomi da yawan buhunansa. Rancen da gwamnati ke rabawa matasa kuma zai fi amfani in ya bi ta hannun yaron da ya gama koyo, maigidansa ya tsaya masa shaida.

Duk mai sana'a a ƙasar nan yana da yaro ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa. Ya tambayi kansa: yaron nan ya san ranar da zan sallame shi? Akwai wanda zai kai ƙarata wurinsa in na zalunce shi? Akwai abin da na sani da nake ɓoye masa don tsoron kada ya fi ni? Wanda ya sami amsar da ba ta yi masa daɗi ba, gyara na hannunsa tun yau, tun yaron yana kiransa Baba da zuciya ɗaya.